Allon da Ya Faɗo a Hong Kong da Nauyin Lasifikar da Aka Rage a Takarda

Daren Alhamis 28 ga Yulin 2022, jim kaɗan bayan ƙarfe 10:30, ana tsakiyar wasa a babban zauren Hong Kong Coliseum da ke unguwar Hung Hom, wani ƙaton allon bidiyo ya tsinko daga sama ya faɗo kan dandamali. Ƙungiyar mawaƙa ta Mirror ce ke wasa, samari 12 da matasan birnin ke ji da su, kuma daren shi ne na huɗu cikin 12 da aka shirya. Allon ya kai mita 4 a tsaye da mita 4 a kwance, nauyinsa ya haura kilo 500. Da gefe ya sauko, ya sami wani ɗan rawa mai shekara 27 a ka da wuya, sannan ya kife ya bugi wani. Na farkon ƙashin wuyansa ya goce, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Aka garzaya da su asibitin Queen Elizabeth, aka sallami 'yan kallo, aka soke sauran wasanni 8.

Zauren na gwamnati ne. An buɗe shi a 1983, yana cin mutum 12,500, kuma hukumar kula da nishaɗi da al'adu ta birnin ce ke ba da hayarsa. A cikin gini abin ya faru, inda babu iska babu ruwan sama da za a ɗora wa laifi. Akwai babban ɗan kwangila, akwai ƙananan 'yan kwangila a ƙarƙashinsa, akwai injiniya, akwai takardu da sa hannu. Duk abin da ake cewa a tanada don kada a yi asarar rai, a ido an tanade shi. Wannan ne ya sa lamarin ya cancanci a zauna a tsefe shi.

Mai aikin sauti zai iya cewa ai allo ne ya faɗo, ina ruwan lasifika? Amsar tana cikin bayanin da 'yan sanda suka yi ranar 11 ga Nuwamban 2022, ranar da suka kama mutum 5 daga kamfanin Engineering Impact, babban ɗan kwangilar, da kamfanin Hip Hing Loong da ke aiki a ƙarƙashinsa. Sun ce da aka sauke kayan da ke rataye aka ɗora su a sikeli, nauyinsu bai yi ko kusa da abin da aka rubuta wa masu zauren ba. Alluna 6 an rubuta laba 3,600, sikeli ya nuna laba 9,852, kusan ninki uku ke nan. Amma giɓin da ya fi kowanne girma a wajen lasifikoki yake. An rubuta laba 1,600, kimanin kilo 725, aka auna aka sami laba 12,240, wato sama da tan 5 da rabi. Fiye da ninki bakwai. Waɗannan lasifikoki sun kwana huɗu a saman kawunan mutane, ba su faɗo ba, amma takardar da ta ba su izinin hawa sama ita ce dai takardar da ta ba allon.

Bari mu fara da yadda allon ya faɗo, domin a nan ake ganin yadda ƙarfe ke cin amanar wanda ya raina shi.

Ba a kafe allon wuri guda ba. An tsara shi ya riƙa hawa da sauka, yana kuma juyawa, gwargwadon abin da ake yi a dandamali. Igiyoyin ƙarfe biyu ne ke riƙe da shi, sirara, kaurinsu milimita 5, suna naɗuwa suna warwaruwa a jikin injin naɗi da ke can sama. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya fitar da rahotonsa a wannan rana ta 11 ga Nuwamba, ya ce igiya ɗaya gajiyar ƙarfe ce ta tsinka ta, ya kuma lissafa abubuwa huɗu da suka haɗu suka kai ga haka. Igiyar kanta ba mai kyau ba ce, ƙarfinta ya gaza na takwarorinta da ke kasuwa da kimanin kashi 20 cikin 100. Allon ya fi nauyin da aka faɗa nesa ba kusa ba. Yadda aka ɗaura injin naɗin ya sa wani ƙarfe da aka tanada don ya tsare igiyar a layinta ya kasa juyawa yadda ya kamata, sai ya koma yana gurzar ta, yana matse ta, yana ƙara mata jan da ba a lissafa ba. Na huɗu kuma, aikin haɗa kayan ratayen gaba ɗaya an yi shi ne ba da ƙwarewa ba.

Gajiyar ƙarfe abu ce da mutane da yawa ba su yarda da ita ba sai sun gani. Igiyar ƙarfe siraran wayoyi ne da yawa aka tufka su wuri guda. Duk lokacin da ta lanƙwasa a jikin gangar naɗi ta sake miƙewa, kowace waya ta cikinta ta ja, ta saki. In fatar wayar lafiya take, kuma jan bai wuce kima ba, za ta jure haka sau dubbai. In kuwa wani abu ya karce ta, wannan ɗan tabon shi ne mafarin tsagewa. Kowane hawa da sauka tsagar ta ƙara shiga ciki kaɗan, abin da ido ba ya gani. Waya ɗaya ta katse, 'yan'uwanta su ɗauki nauyinta, su ma tsagarsu ta ƙara sauri. Duk wanda ya taɓa jan ruwa ya san inda igiyar guga take tsinkewa, wato wurin da take gogar bakin rijiya, ya kuma san ba ranar da ta fara goga take tsinkewa ba. Masu binciken sun sa bakin igiyar da ta tsinke a na'urar da ke ƙara girman abu, suka ga alamun wannan gajiya a jikin wayoyin. Ma'ana, igiyar ta fara mutuwa tun kafin daren na huɗu. Ta ɗauki allon a lokacin gwaji, ta ɗauke shi dare na ɗaya da na biyu da na uku, kuma kowane dare da ta kai lafiya ƙarfinta raguwa yake yi, alhali masu aiki na ganin ta ci jarrabawa.

Wannan ne kuskuren da na fi jin tsoro a wurin masu rataya kaya. Mutum ya ɗaga akwatin lasifika, ya girgiza shi, ya ga bai motsa ba, sai ya ce ya zauna. Abin da girgizawar ta nuna masa kawai shi ne a wannan minti ƙarfen bai kai iyakarsa ba. Ba ta gaya masa saura nawa ya kai ba.

Sai kuma igiya ta biyu, wadda a ganina a nan zuciyar lamarin take. Ita ba ta tsinke ba. Da ta farko ta katse, nauyin duka ya koma ɗaya ɓangaren, sai ƙusa mai zobe da ke haɗa wancan ɓangaren ta karye, allon ya rabu da komai. Mutane da dama in suka ga abu a rataye da igiya biyu hankalinsu kwanciya yake yi, su ce in ɗaya ta tsinke ɗayar za ta riƙe. Igiya biyu da ke raba nauyi tsakaninsu abokan aiki ne, babu wadda aka ajiye domin ceton ɗayar. Kafin hatsari kowane ɓangare rabin nauyin yake ɗauke da shi, kuma a miƙe. Cikin ƙiftawar ido ɓangaren da ya saura ya tashi daga rabi zuwa fiye da nauyin gaba ɗaya, domin kaya in ya fizga ya fi kansa nauyi. Ko a lissafin makaranta, nauyin da aka sakar wa ƙarfe farat ɗaya yana jan sa ninki biyu na wanda aka ɗora masa a hankali, in kuwa kayan ya sami tazarar faɗuwa kafin igiya ta tare shi, abin ya zarce haka. Ga shi kuma jan ya daina zuwa a miƙe, ya koma a karkace, saboda allon ya riga ya langaɓe gefe guda.

Ƙusa mai zobe kuwa ba ta ƙaunar jan karkace ko kaɗan. A teburin kamfanin Crosby, ɗaya daga cikin sanannun masu ƙera kayan ɗaga nauyi, ƙusa mai zobe da ke da kafaɗa in aka ja ta a kusurwar digiri 45 ƙarfinta yana komawa kashi 30 cikin 100 na abin da aka rubuta, a digiri 90 kuma kashi 25. Wadda ba ta da kafaɗar da za ta zauna daram a jikin ƙarfe ba a yarda a ja ta a karkace ba sam. Wadda kuma aka yi da sandar ƙarfe aka lanƙwasa bakinta ya zama zobe, irin da ake samu a kowane shagon kayan gini, ba ta da gurbi a saman kan mutane, domin buɗewa take yi. Don haka ɓangaren da ya saura ya sami ƙarin nauyi a daidai lokacin da ƙarfinsa ya ragu. Babu mamaki da ya karye.

Abin da ke tare irin wannan faɗuwa shi ne igiyar tsaro mai zaman kanta: wadda ba ta ɗauke da komai a ranar lafiya, ta kama wani wuri daban a jikin kayan, ta kama wani wuri daban a jikin ginin, kuma ita kaɗai ta isa ta riƙe nauyin duka har da fizgarsa. A Jamus, ƙa'idojin hukumar inshorar haɗurran aiki ta DGUV sun ce tazarar da kaya zai faɗo kafin igiyar tsaro ta cafke shi kada ta wuce santimita 20. Dalilin a fili yake: igiyar tsaro mai sako-sako da yawa tana ba kayan damar ya ɗauki gudu, in ya kai ƙarshenta ya tsinka ta ya wuce. Ga kaya mai hawa da sauka irin wannan allo, sa igiyar tsaro ya fi wuya, sai an yi wa injin da igiyoyinsa tsari na musamman yadda lalacewar abu ɗaya ba za ta sako kayan ba. Ga lasifika kuwa, wadda in ta hau ta zauna ke nan, abin mai sauƙi ne kuma mai araha, babu uzurin barin sa.

Mu koma kan takardar. Ƙa'idar zauren ita ce mai haya ya kawo jadawalin nauyin duk abin da zai rataya, injiniya mai rajista ya duba ya sa hannu, domin a tabbatar rufin zai ɗauka. Rufin ya ɗauka, wannan gaskiya ne, kuma ba shi ne ya gaza ba. Amma lambar nauyi ita ce tushen kowane zaɓi da ke biyo baya: kaurin igiya, girman ƙusa, ƙarfin inji, wurin da za a kama a rufi. Ana zaɓen kayan rataye ne da rata mai faɗi tsakanin abin da za su ɗauka da abin da zai karya su. A aikin ɗaga kaya na yau da kullum ratar igiyar ƙarfe ninki 5 ce. In a saman mutane ne, Jamusawa sun ce a ɗora wa kayan rabin abin da maƙeransu suka rubuta kawai, ratar ta zama ninki 10, kuma masu sana'ar a ƙasashe da yawa haka suke bi. Ba almubazzaranci ba ne. Wannan rata ita ce ke shanye fizgar inji in ya tashi ko ya tsaya, da tsatsa, da gurzuwa, da igiyar da ba ta kai yadda mai sayarwa ya faɗa ba.

A ce mutum ya yi komai bisa ƙa'ida, ya zaɓi igiya da ratar ninki 10, amma da lambar takarda ya yi lissafi. In nauyin gaskiya ya ninka na takarda sau 2.7, igiyar kuma ta gaza da kashi 20, ratarsa ta dawo kusan ninki 3 tun kafin inji ya fara gurzar ta. In da lambar lasifikokin ya yi aiki, ninki 10 zai dawo 1.3. In da ninki 5 ya fara da wannan lamba ta lasifikokin, to tun a ɗagawar farko kayan za su zo ƙasa. Lissafin injiniya komai kyansa ba ya fin lambar da aka miƙa masa inganci.

Abin da ke ba ni takaici shi ne lambar lasifikokin ba ta buƙatar sikeli kafin a gane ba daidai take ba. Manyan lasifikokin filin wasa jeri ake yi musu, akwati a ƙarƙashin akwati, a ɗan lanƙwasa jerin don sauti ya kai kujerun gaba da na baya. Nauyin kowane akwati a rubuce yake a takardar maƙerinsa. Misali, samfurin K2 na kamfanin L-Acoustics kilo 56 ne, babban yayansa K1 kuma kilo 106. Akwati 12 na ƙaramin sun kai kilo 672, ba a sa firam ɗin da ke riƙe su ba, ba a sa injin sarƙa ba, ba a sa wayoyin da ke lilo a bayansu ba. Ke nan kilo 725 bai wuce nauyin jeri ɗaya ba, a zauren mutum 12,500. Duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya ɗaga irin waɗannan akwatuna, da an nuna masa takardar zai ce a sake dubawa. Matsalar manyan ayyuka ke nan: wanda ya san nauyin kayan ba ya ganin takardar, wanda ke sa hannu a takardar kuma bai taɓa ɗaga kayan ba.

'Yan sanda sun yi zargin da gangan aka rage lambobin don a sami izini da wuri. An gurfanar da ma'aikata 3 na Engineering Impact bisa tuhumar haɗa baki don yaudara, amma a 2025 kotu ta wanke su, domin ba a tabbatar da cewa sun yi nufin yaudara ba. Dole a faɗi wannan, don kada a ɗora wa mutum laifin da shari'a ta sauke masa. Sai dai hukuncin bai mayar da laba 12,240 ta koma 1,600 ba. In ma wani abu ne, ya ƙara nuna girman hatsarin, domin yana nufin ba sai an sami mugu ba kafin lambar da ta kauce ninki bakwai ta ratsa hannaye da yawa ba wanda ya tsayar da ita. Gaggawa da dogaro da cewa wani ya riga ya duba sun isa.

A ɓangaren dokokin ƙwadago kuwa an ci tarar kamfanoni uku. Engineering Impact ya biya dalar Hong Kong 220,000, Hip Hing Loong 420,000, sai kamfanin Studiodanz da ya ɗauko 'yan rawar 132,000, kuma cikin laifukansa har da rashin yi wa ma'aikata inshora. In aka ɗora waɗannan kuɗi kusa da saurayin da ya shiga dandamali da ƙafafunsa aka fito da shi ba ya motsi, ba su kai a kira su komai ba.

An kuma sami alamu tun kafin daren. Wani ɗan rawa ya ji rauni a lokacin gwaji. A dare na biyu ɗaya daga cikin mawaƙan ya zame daga gefen dandamali ya faɗo tazarar kusan mita ɗaya. Masoya ƙungiyar suka buɗe takardar koke a intanet, sama da mutum 13,000 suka sa hannu suna neman a gyara tsaro. Duk waɗannan a ƙasa suka faru, hankali kuma ya tafi kan dandamali da gefunansa. Sai bayan allon ya faɗo, a farkon Agusta, hukumar ta umarci masu hayar zaurukanta su dakatar da na'urorin rataye masu lilo ko juyawa ko ɗaukar mutum, kuma ƙwararre ya riƙa duba kayan kullum. Dubawar kullum ɗin nan da ta zo da wuri, gurzuwar da ke jikin igiyar abu ne da ido da hannu ke iya kamawa.

Lasifika tana da nata halaye da allo ba shi da su, kuma sun cancanci a ambata. A jeri, akwatin sama da firam ɗinsa su ke ɗauke da duk na ƙasa, don haka ƙusoshin da ke haɗa akwati na farko su ne suka fi wahala. In aka karkata jerin ƙasa ko sama da yawa, tsakiyar nauyinsa tana gusawa, sai ka ga injin sarƙa ɗaya ya ɗauki kusan komai, ɗayan yana hutawa. Shi ya sa manhajojin da maƙera ke bayarwa, irin Soundvision na L-Acoustics da ArrayCalc na kamfanin d&b, bayan lissafin sauti suke nuna nauyin da ke kan kowane mataki, su yi gargaɗi in an wuce iyaka. Haka in aka raba nauyi da igiya biyu da suka haɗu a ƙugiya ɗaya, buɗewarsu tana ƙara musu ja: in kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 120, kowace ɗaya tana jin nauyin kayan cikakke, ba rabi ba. Ga kuma rawar jiki, domin lasifika aikinta ke nan, kuma noti da ba a kulle ba a hankali yake warwarewa. Maganin jayayyar nauyi kuwa akwai shi a kasuwa, wato ma'aunin da ake saƙalawa tsakanin ƙugiya da kaya, ya nuna ainihin kilo nawa ke rataye tun kayan bai wuce gwiwa ba.

Akwatin kansa ma ba kowanne ake ratayawa ba. A Amurka akwai ƙa'ida ta musamman, ANSI E1.8, kan yadda ake ƙera akwatin lasifikar da za a rataya da yadda ake gwada ƙarfinsa. Irin wannan akwati yana da wuraren kamawa da aka ƙarfafa da ƙarfe daga ciki, yadda nauyin zai bi ƙarfe maimakon katako da gam.

A nan ne lamarin Hong Kong ya iso ƙofar gidanmu, ko da kayanmu ba su kai tan biyar ba. Shiga zauren biki, ko ɗakin taro na makaranta, ko masallacin Juma'a, ka ɗaga kai. Sau da yawa za ka ga akwati an zura masa waya ko igiyar roba ta marikinsa, an ɗaure a katakon rufi. Marikin nan don hannu aka yi shi, 'yan sukurori ne ke riƙe da shi a jikin allon garin katako, wanda in ya sha danshin damina yake kumbura ya saki. Igiyar roba rana tana cinye ta, in gobara ta tashi kuma ita ce ke fara narkewa a daidai lokacin da mutane ke turereniyar fita ta ƙarƙashinta. Akwati mai kilo 25 in ya faɗo daga mita 4 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 32 a awa, kuma a masallaci mutane a zaune suke ko a sujada, ba mai kallon sama. Ƙahon lasifikar da ke kan hasumiya ko kan dogon ƙarfe shi kuma yana shan ruwa da rana shekara da shekaru, tsatsa na cin waldar da ke riƙe da shi, ranar da guguwar farkon damina ta taso ta same shi a yadda yake.

Tambayoyin da kwamitin Hong Kong ya yi bayan an yi ɓarna su ne kwamitin masallaci ko mai zaure zai yi tun kafin a kafa tsani. Kilo nawa ne, kuma wa ya auna? Abin da za a kama a sama ginshiƙi ne na gaske ko silin ne kawai, wanda ba a yi shi don ɗaukar komai ba? Kowane ƙarfe da ke tsakanin akwatin da ginin, akwai lambar nauyi a jikinsa? In wannan ƙusa ɗaya ta karye yau, me zai riƙe? In amsar ta ƙarshe babu ce, a sauko da akwatin a ɗora shi a kan ƙafarsa ko a kan kanta mai ƙarfi a jikin bango, nesa da inda ake zama. Sautin ba zai kai yadda ake so ba, amma wannan asara ce da za a iya jurewa. Mai walda na unguwa yana iya yin aiki mai kyau, sai dai shi ma a gaya masa nauyin gaskiya, a kuma sa igiyar tsaro ta ƙarfe ko sarƙa da ba ta dogara da waldarsa ba.

Igiyar ƙarfe ba a ƙulla ta kamar igiyar rama. In za a yi mata kunne da maɗauran nan masu siffar U, lanƙwasar U ɗin tana hawa kan guntun wutsiyar da ba ta ɗauke da kaya, faffaɗan gindin kuma ya zauna kan ɓangaren da ke ja, a sa adadin da maƙerin ya faɗa, a sake ɗaure notinan bayan igiyar ta ɗauki nauyi karon farko, domin tana ɗan ramewa. Cikin kunnen a sa ƙarfen da ke hana ta lanƙwasa da kaifi. Dubawa kuma ba daga ƙasa ake yi ba. A hau, a sa safar hannu, a riƙe tsumma a bi jikin igiyar da shi a hankali, musamman inda take taɓa wani ƙarfe da inda ta shiga maɗauri. Duk inda tsumman ya maƙale, waya ce ta katse ta ɗago kai. Igiyar da aka samu da haka, ko wadda ta baje, ko ta yi gwiwa, ko tsatsa ta shiga tsakanin tufkarta, a sauke ta a daddatsa ta gunduwa-gunduwa kafin a yar, domin in aka ajiye ta a sito da tsawonta, wani zai ɗauka ya rataya wani abu da ita.